Sabunta babbar manhajar Linux: Abin da masu kwamfuta a Katsina ke buƙatar sani

Babbar manhajar Linux kyauta ce, kuma tana iya raya kwamfutar da ta kwana biyu. Sai dai kowane zubi nata yana da ranar cikar wa'adinsa. A gari irin Katsina, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, data kuma ke da tsada, ƙaura zuwa sabon zubi aiki ne da ke buƙatar shiri.

A ranar 14 ga watan Oktoban shekara ta 2025 ne kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum da yake bai wa babbar manhajarsa ta Windows 10, shekaru goma bayan fitowarta.

Wadda ta gaje ta, wato Windows 11, ba ta hawa kan kowace na'ura. Tana buƙatar wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwa ta zamani, sharaɗin da ya rufe ƙofa ga akasarin kwamfutocin da aka ƙera kafin shekara ta 2018.

Wannan mataki ya shafi birnin Katsina kai tsaye. Da dama daga cikin kwamfutocin da ake aiki da su a shagunan buga takardu, da ƙananan makarantu, da hannun ɗalibai, na hannu ne da aka shigo da su daga ƙetare ta Legas ko Kano, bayan sun yi shekaru suna aiki a wasu ƙasashe.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka rage wa masu irin waɗannan na'urori ita ce komawa ga Linux. To amma ɗora ta a kan kwamfuta rabin aiki ne kawai. Sauran rabin shi ne sanin lokacin da zubin da aka ɗora zai tsufa, da kuma yadda za a haye zuwa na gabansa ba tare da asarar fayiloli ba.

Mece ce buɗaɗɗiyar manhaja?

Babbar manhaja ita ce ke tsakanin mutum da ƙarafan na'ura. Ita ke tada kwamfuta, ta rarraba aiki, ta adana fayiloli, ta kuma samar wa ƙananan manhajoji wurin zama.

Ana ce wa manhaja buɗaɗɗiya idan rubutun umarnin da aka gina ta da shi a fili yake, kuma lasisinta ya yarje wa kowa ya karanta, ya gyara, ya kwafa, ya raba wa wasu.

Wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Richard Stallman, shi ne ya ƙaddamar da shirin GNU a shekara ta 1983 da nufin samar da irin wannan manhaja. A watan Agustan 1991 kuma wani ɗalibin Jami'ar Helsinki da ke ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana rubuta zuciyar wata babbar manhaja, wadda daga baya aka san ta da sunan Linux.

Daga haɗuwar waɗannan ayyuka biyu ne aka sami rassa masu yawa. Debian ta fara a shekara ta 1993, Fedora a 2003, sannan Ubuntu a watan Oktoban 2004, ƙarƙashin kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan ƙasar Afirka ta Kudu. Ubuntu dai daga Debian aka tsago ta, kamar yadda aka tsago Linux Mint daga Ubuntu.

Zuwanta Najeriya

A farkon shekarun Ubuntu, lokacin da shiga intanet a arewacin Najeriya ya dogara ga shagunan kafe masu saiɓi, kamfanin Canonical yana da wani shiri mai suna ShipIt. A ƙarƙashinsa ana aika faifan CD kyauta ta gidan waya ga duk wanda ya nema, a kowace ƙasa yake. An rufe shirin a watan Afrilun 2011.

A tsakiyar shekarun 2000 wani kamfanin Najeriya, Leapsoft, ya fitar da Wazobia Linux, wadda aka fassara sassanta zuwa Hausa da Yarabanci da Igbo. A shekara ta 2007 shirin nan na samar wa kowane yaro kwamfuta, OLPC, ya yi gwaji a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, da ƙananan na'urorin da ke aiki da Linux.

A cikin shekarar ce kuma kamfanin Mandriva na ƙasar Faransa ya sanar da cinikin kwamfutoci dubu 17 samfurin Classmate domin makarantun Najeriya, ɗauke da manhajarsa. Cinikin ya ja hankalin duniya bayan da shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, kan rahoton cewa za a maye gurbin manhajar da Windows.

Ƙarshen labarin na ɗauke da darasi. Mandriva ta fitar da zubinta na ƙarshe a shekara ta 2011, kamfanin kuma ya rushe a 2015. Ita ma Wazobia Linux ta daina fitowa. Duk na'urar da ta dogara da su ta wayi gari ba ta da zubi na gaba daga hannun kamfanin da ya fitar da manhajarta.

Saboda haka tambayar farko ga mai zaɓen reshen Linux ita ce: su wa ke kula da shi, kuma har zuwa yaushe?

Faci dabam, ƙaura dabam

Akwai sabuntawa iri biyu da ake yawan rikita su.

Na farko shi ne ƙananan gyare-gyaren da ke zuwa kusan kowane mako, waɗanda ke toshe kafofin da masu kutse ke bi, ko su gyara wani kuskure. Wannan tamkar yaɓen da ake yi wa gidan ƙasa ne kafin faɗuwar damina.

Na biyu shi ne ƙaura daga wani zubi zuwa wani, inda ake sauya zuciyar manhajar, da fuskarta, da ɗaruruwa ko dubban ƙunshin manhajoji a zama guda. Wannan ya fi kama da sauya azarar ɗaki alhali kayan gida na ciki.

Abin da ya haɗa su shi ne wa'adi. Masu kula da manhaja ba sa aika faci har abada. Da zarar wa'adin zubi ya cika sai facin ya tsaya, kuma babu abin da ya rage illa ƙaura.

Yadda ake karanta kalandar

Ubuntu na fitar da sabon zubi sau biyu a shekara, a watan Afrilu da na Oktoba, kuma lambar zubin ita ce ranar haihuwarsa. Alal misali, 24.04 na nufin watan huɗu na shekara ta 2024.

Zubin watan Afrilu na kowace shekara mai lambar da ke rabuwa biyu shi ne mai dogon wa'adi, wanda ake yi wa alama da haruffan LTS. Ana kula da shi kyauta na tsawon shekaru biyar. Sauran zubin da ke tsakani watanni tara kacal ake kula da su.

Bisa wannan lissafi, wa'adin zubi na 20.04 ya cika a watan Mayun 2025, na 22.04 ya kai shekara ta 2027, na 24.04 kuma 2029. Mai dogon wa'adin da ke bin 24.04 a jeri shi ne 26.04.

Akwai wani tsari mai suna Ubuntu Pro da ke tsawaita facin tsaro zuwa shekaru goma, wanda kyauta ne ga mai amfani na ƙashin kansa a kan na'urorin da ba su wuce biyar ba.

Sauran rassan na da nasu tsarin. Debian kan fitar da sabon zubi kusan duk bayan shekaru biyu, ta kuma kula da shi na kimanin shekaru biyar. Zubi na 12 ya fito a watan Yunin 2023, na 13 kuma a watan Agustan 2025. Fedora na fitowa duk bayan watanni shida, wa'adinta kuma kimanin watanni 13 ne. Linux Mint 22, wadda aka gina a kan Ubuntu 24.04, tana da kulawa har 2029.

Ga shagon da ke buga wa mutane takardu, ko makarantar da ba ta da ma'aikacin kwamfuta na dindindin, bambancin a bayyane yake. Mai dogon wa'adi na iya shafe shekaru huɗu ko biyar bai yi ƙaura ba, yayin da mai gajeren wa'adi sai ya yi ta sau biyu a kowace shekara.

Idan wa'adi ya cika

Kwamfutar da wa'adin manhajarta ya cika ba ta mutuwa. Tana ci gaba da tashi, tana buga takardu kamar yadda ta saba, kuma wannan ne ke sa mutane sakaci.

Abin da ya faru a shekara ta 2014 ya nuna haɗarin. A ranar 7 ga watan Afrilu aka bayyana wata ɓaraka mai suna Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke ɓoye bayanai tsakanin kwamfuta da shafukan intanet. Ɓarakar na bai wa mai kutse damar tsintar kalmomin sirri daga ƙwaƙwalwar na'ura.

Nan take aka aika da faci ga Ubuntu 12.04 mai dogon wa'adi, duk da cewa ya shekara biyu da fitowa. Shi kuwa zubi na 13.04, wanda ya fi shi sabunta da shekara guda, bai sami komai ba, domin wa'adinsa ya riga ya cika tun a watan Janairu.

Baya ga tsaro, bayan wani lokaci akan kwashe rumbun manhajojin tsohon zubi zuwa wani adireshi na ajiya, sai mai kwamfuta ya ga ya kasa ɗora ko da ƙaramar manhaja. Sannu a hankali manhajar shiga intanet ma takan tsufa, har wasu shafuka su daina buɗewa yadda ya kamata.

Akwai kuma batun doka. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin kare su. Makarantu da asibitoci da shagunan da ke cike wa ɗalibai fom na ajiye sunaye da hotuna da lambobin shaidar ɗan ƙasa, kuma barin su a kan manhajar da aka daina yi wa faci kasada ce.

Hanyoyi biyu

Hanya ta farko ita ce ɗaukaka manhajar a inda take. Kwamfutar za ta sauko da sababbin ƙunshi daga intanet ta maye gurbin tsofaffin, fayiloli da saituna kuma su zauna yadda suke.

Wannan hanya na da ƙa'ida guda mai tsauri: ba a tsallake. Mai Ubuntu 20.04 da ke son 24.04 sai ya bi ta 22.04 tukuna, wato aiki biyu da kuɗin data biyu. Haka abin yake a Debian. Fedora ce ke yarda a tsallake zubi guda.

Hanya ta biyu ita ce a kwashe fayiloli zuwa wani wuri, a goge komai, a ɗora sabon zubi daga filasha, sannan a mayar da fayilolin. Ta fi cin lokaci wajen sake saita abubuwa, amma ita ta fi dacewa da na'urar da ta yi nisa a baya, ko wadda aka cika ta da manhajojin da ba a san asalinsu ba.

Tana kuma da wata fa'ida ga masu ƙaramin ƙarfi. Filasha guda na iya yi wa kwamfutoci goma ko ashirin aiki, kuma lasisin manhajar ya halatta hakan.

Wuta da data

Matsaloli biyu ne suka fi yi wa wannan aiki barazana a Katsina.

Ta farko ita ce wutar lantarki. Birnin na samun wuta ne ta hannun kamfanin KEDCO, mai rarraba ta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, kuma ɗaukewarta ba baƙon abu ba ne. A ƙarshen watan Oktoban 2024 yawancin jihohin arewa sun shafe sama da mako guda cikin duhu sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta yankin.

Aikin ɗaukaka manhaja na da zango biyu. A zangon saukarwa, katsewar wuta ko intanet ba ta yin illa sosai, domin ana iya ci gaba daga baya kuma abin da aka riga aka sauke yana nan. A zangon girkawa kuwa, lokacin da rabin manhajar sabuwa ce rabi tsohuwa, mutuwar na'ura na iya sa ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir na da kariya. To amma batiran na'urorin hannu sau da yawa sun riga sun gaji. Ita kuwa ta kan tebur tana buƙatar sola da inbata, ko ƙaramar na'urar riƙe wuta, ko kuma janaretan da aka tabbatar man da ke cikinsa zai kai ƙarshen aikin.

Zafi ma abin lura ne. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Katsina kan haura maki 40, kuma girkawa na sa ƙwaƙwalwar kwamfuta aiki tuƙuru. Na'urar da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka na iya kashe kanta a tsakiyar aiki, don haka ya kyautu a share ta tukuna, a kuma zaɓi sanyin safiya ko na dare.

Matsala ta biyu ita ce data. Har zuwa zubi na 12.04, Ubuntu na shiga cikin faifan CD guda mai megabait 700. Zubi na 24.04 kuwa ya kusa gigabait shida. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari.

Makarantun da ke da kwamfutoci da yawa na iya rage wannan nauyi ta hanyar manhajar apt-cacher-ng. Ana ɗora ta a kan na'ura guda, wadda za ta sauke kowane ƙunshi sau ɗaya ta riƙa raba wa sauran. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta a manyan makarantun da ke kan hanyar Dutsin-Ma, irin su Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Jami'ar Al-Qalam, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, su ma na iya haɗa kuɗi su sauke zubi sau ɗaya su kwafa wa juna.

Shiri kafin a fara

Mataki na farko shi ne kwafe duk wani muhimmin fayil zuwa wata ma'adana ta waje, sannan a buɗe wasu daga ciki a kan wata kwamfutar don a tabbatar sun kwafu. Kasuwa na cike da filasha na jabu, masu nuna girman da ba su da shi, kuma ba a gane su sai ranar da aka nemi abin da aka ajiye.

Na biyu, a karanta takardar bayanin da ke fitowa tare da kowane zubi. A cikinta ake lissafa matsalolin da aka sani da kuma abubuwan da aka cire.

Na uku, a duba ƙarfin na'urar. Ubuntu 24.04 na buƙatar ram na gigabait huɗu da fili na gigabait 25 a ma'adana.

Na huɗu, a tanadi filasha mai ɗauke da sabon zubin, wadda girmanta bai gaza gigabait takwas ba. Da ita ake iya tada kwamfutar a gwada sauti da waya-fai da firinta ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Ita ce kuma hanyar ceto fayiloli idan aiki ya ɓaci.

Na biyar, a zaɓi lokaci. Cibiyar da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawar JAMB, ko shagon da ke buga kundin bincike na ɗaliban ajin ƙarshe, ba su da dalilin taɓa manhajarsu a tsakiyar kakar aiki. Idan na'urorin na da yawa, a fara da guda ɗaya, a yi aiki da ita na 'yan kwanaki kafin a taɓa sauran.

Yadda aikin ke gudana

A Ubuntu, sharaɗin farko shi ne tsohon zubin ya karɓi dukkan facinsa. Ana yin haka ta manhajar sabuntawa da ke cikinsa, ko da umarnin sudo apt update, sannan sudo apt full-upgrade, daga nan a sake tada na'urar.

Bayan haka sai a ba da umarnin do-release-upgrade. Manhajar za ta dakatar da duk wani rumbun da ba na Ubuntu ba, ta lissafa ƙunshin da za ta ɗora da waɗanda za ta cire, ta faɗi yawan datar da za ta ci, sannan ta nemi izini. Wannan ne wuri na ƙarshe da ake iya fasawa cikin sauƙi.

A tsakiyar aiki takan yi tambaya game da fayilolin saituna da aka taɓa gyarawa, ko a bar tsohon ko a ɗauki sabon. Saboda haka ba a tafiya a bar ta ita kaɗai na dogon lokaci.

Ga masu kula da uwar garke daga nesa, manhajar kan buɗe ƙofa ta biyu mai lamba 1022, domin a sami mashiga idan ta farko ta katse.

Idan wuta ta ɗauke a tsakiya amma na'urar ta iya tashi, umarnin sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt -f install, sukan ƙarasa abin da ya tsaya. Idan ta ƙi tashi, sai a koma ga filasha.

Linux Mint na da manhajarta ta ƙaura mai suna mintupgrade, kana tana zuwa da Timeshift, wadda ke ɗaukar hoton yanayin manhajar ta yadda za a iya mayar da ita yadda take idan an sami matsala.

Sauri ya haifi nawa

Ba a ranar da sabon zubi mai dogon wa'adi ya fito ake buɗe wa masu tsohon ƙofar ƙaura ba. Canonical kan jira fitowar gyararren zubi na farko, mai ɗigo ɗaya a ƙarshen lambarsa, bayan an shafe 'yan watanni ana gano kurakurai.

Ubuntu 24.04 ya fito ne a ranar 25 ga watan Afrilun 2024, amma sai a ƙarshen watan Agusta, da fitowar 24.04.1, aka fara gayyatar masu 22.04. Duk da wannan jira, a farkon watan Satumba kamfanin ya dakatar da ƙaurar na wasu kwanaki saboda wani kuskure da aka gano a manhajar da ke gudanar da ita.

Kafin wannan, a watan Disambar 2017, an janye zubi na 17.10 daga shafin saukarwa bayan an gano yana lalata saitunan tashi na wasu kwamfutocin tafi-da-gidanka, ciki har da wasu samfuran Lenovo. An sake fitar da shi a gyare a watan Janairun 2018.

Ma'ana dai, lokacin da ya fi dacewa da ƙaura na tsakanin iyakoki biyu ne: bayan sabon zubi ya yi 'yan watanni ya natsu, kuma kafin wa'adin tsohon ya cika.

Tsofaffin na'urori

Ba kowace kwamfuta ce ke da zubi na gaba ba, ko a duniyar Linux. Na'urori masu tsohuwar ƙwaƙwalwa ta bit 32 sun rasa wurin zuwa a Ubuntu bayan zubi na 18.04. Debian 13 ita ma ta daina samar musu da hanyar girkawa, abin da ya bar Debian 12, mai kulawa har tsakiyar shekara ta 2028, a matsayin ɗaya daga cikin mafaka ta ƙarshe.

Ga na'urori masu bit 64 amma ƙaramin ram, akwai rassa marasa nauyi irin su Lubuntu da Xubuntu. Sai dai wa'adinsu mai tsawo shekaru uku ne, ba biyar ba.

Bayan an gama

Da zarar na'ura ta tashi da sabon zubi, abin da ya kamata a fara gwadawa shi ne wanda ake cin abinci da shi. Ga mai shagon buga takardu, firinta da na'urar ɗaukar hoton takardu ne, musamman idan an ɗora musu manhajar tuƙi daga waje.

Masu rubutu da Hausa kuma su duba allon rubutu. Linux na zuwa da tsarin allon Hausa na Najeriya, mai ba da haruffa masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ, kuma yana da kyau a tabbatar yana nan a cikin saituna, tare da nau'in rubutun da ke nuna haruffan daidai.

Su ma masu rubuta manhaja na da abin dubawa. Daga Ubuntu 22.04 zuwa 24.04, harshen Python ya tashi daga 3.10 zuwa 3.12, PHP kuma daga 8.1 zuwa 8.3. Shafin makaranta ko aikin ɗalibi da aka rubuta da tsohon na iya buƙatar gyara kafin ya yi aiki da sabon.

Linux ɗin da ke cikin aljihu

Buɗaɗɗiyar babbar manhajar da ta fi yawa a Katsina ba a kan tebur take ba. Android, wadda ke cikin akasarin wayoyin zamani, an gina ta ne a kan zuciyar Linux, kuma tushenta a buɗe yake.

Bambancin shi ne, a nan mai waya ba shi ke da ikon ƙaura ba. Kamfanin da ya ƙera wayar ne ke yanke shawarar ko zai aiko da sabon zubi. Google ya yi alƙawarin shekaru bakwai ga wayar Pixel 8 a shekara ta 2023, Samsung ma ya yi haka ga Galaxy S24 a 2024, amma wayoyi masu araha kan sami ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Sakamakon kan fito fili ne idan wata manhaja ta juya wa tsohon zubi baya. A watan Oktoban 2023 WhatsApp ta daina aiki a kan wayoyin da Android ɗinsu bai kai zubi na 5.0 ba, kuma masu irin waɗannan wayoyi da yawa ba su da zaɓi sai sayen wata.

Mai kwamfutar Linux ya fi mai waya 'yanci ta wannan fuska, domin ba ya jiran izinin kowa, kuma ranar cikar wa'adin manhajarsa a rubuce take tun ranar da ta fito. Umarnin lsb_release -a na nuna zubin da ke kan na'ura cikin daƙiƙa guda, daga nan kuma lissafin shekarun da suka rage abu ne mai sauƙi.